Inda Gari Ya Ƙare

Kwatancen da na shiga Alƙahira da shi layi huɗu ne kacal, a bayan wata tsohuwar wasiƙa da yayana Hamma Sale ya aiko gida shekara goma sha uku kafin nan. Ga abin da ya rubuta: ka haye kogi ka yi yamma, ka hau motar haya ka zauna har ta ƙure, inda gari ya ƙare. Ka bi bakin magudanar ruwa da ƙafa har ka ga dabino uku. Ka tambayi gidan Ramadan mai shanu.

Da wannan na baro Bauchi, ni malamin Islamiyya mai gemu da 'ya'ya biyu. Yanzu in na tuna kunya nake ji. Amma a wurinmu cikakken kwatance ne. Muna yara, in ka ce wa baƙo ya fita ta wajen barikin Shadawanka, in gidaje sun ƙare ya tambayi rugar Arɗo Bello, ko bai taɓa zuwa Bauchi ba, zai ci tuwon dare a gidanmu.

Ga abin da ya kai ni. Lokacin da gari ya fara matso mu, masu yanka fuloti suka dinga yi mana zarya, Hamma Sale ya sayar da rabin makiyayarmu ba da sanin Baffa mahaifinmu ba. Takardar filin da sunansa aka yi, don shi ne babba kuma shi ya yi boko. Baffa ya tsaya a bakin garke, a gaban kowa, ya ce masa, "Kada ka ƙara taka inda shanuna suka taka." Hamma ya juya ya tafi. Bayan wata biyu muka ji wai ya tafi Masar karatu. Wasiƙar nan ɗaya ce ta zo, Baffa ya hana a ba da amsa.

Gari kuwa bai fasa zuwa ba. Aka toshe burtali da katanga, aka gina kan mashaya, shanu suka koma shiga ƙofar gidajen ma'aikata ana kai mu ƙara. A ƙarshe Baffa da hannunsa ya sayar da sauran filin, ya sayar da garken, ya bar saniya ɗaya tal ya ɗaure a tsakar gida. Muka ɗauka rigimar tsufa ce. Da ɓarin jikinsa ya shanye, sai ya kira ni wata safiya ya ce in kunna abin ɗaukar magana na wayata. Ya yi magana kamar ta minti uku. Da ya gama ya ce, "Umaru, ka kai masa. Ka sa masa a kunne. Kada ka faɗa da bakinka, ba zai yarda ba. Na san abin da na haifa."

Zangon farko shi ne filin jirgi. Dillalin da ya yi mini biza ya rantse mini cewa akwai gurbin karatu da ɗaki suna jirana, akwai kuma wanda zai tarbe ni. Na tsaya da jakata tun hantsi har la'asar ina kiran lambar da ya ba ni, wata mata tana maimaita mini cewa a kashe take. Allah ya haɗa shi da daidai shi, abin da zan ce ke nan.

Wanda ya tsince ni kwana biyu bayan haka, a bakin wani masallaci, shi ne Usman mai guga. Bahaushen Sudan ne, kakanninsa da ƙafa suka fito aikin hajji suka yada zango a can. Ya ji ina mita ni kaɗai da Hausa, ya juyo ya ce, "Kai ɗan wa ne?" Hausarsa irin ta tsofaffi ce, bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba amma yana cewa "gida" in zai ambace ta. Ya ba ni wurin kwana a bayan teburin guga, ni kuma ina ninke kaya ina kai wa masu su a benaye. Dutsen gugarsa ƙato ne, da ƙafa ake tura shi. Na gwada sau ɗaya na ƙone wandon wani, daga nan ya ce in tsaya a kan ninki.

Juma'a ce ranar hutuna, kuma a ita nake neman ƙarshen gari. In haye kogi, in hau mota, in zauna har kowa ya sauka. In na leƙo sai in ga benaye. Jan bulo ne ba yaɓe, hawa goma, hawa sha biyu, manne da juna, kowanne da rodi a tsaye a samansa yana jiran a ƙara wani hawan. Lungunan da ke tsakaninsu rana ba ta sauka ƙasa. In na tambaya sai a nuna mini wata motar. In hau ita ma ta ƙure, in tarar da wasu benayen, da wata tashar, da mutane suna ta ɓulɓulowa daga ko'ina kamar an fasa gidan tururuwa. Ban taɓa sanin mutum zai iya gajiya da ganin ɗan Adam ba sai a garin nan.

Larabcina ma ya zame mini abin dariya. Na littafi ne, da wasali a ƙarshen kowace kalma, irin wanda nake taƙama da shi a gaban ɗalibaina. Na tambayi wani direba, da duk ƙa'idar nahawu, a ina gari yake ƙarewa. Ya kira 'yan'uwansa direbobi ya ce in maimaita, suka dinga cewa "sadaƙallahul azim" suna tuntsira dariya. Da ya ga raina ya ɓaci sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Ya shehi, ni a nan aka haife ni, ban taɓa ganin inda ya ƙare ba." Bai karɓi kuɗin motata ba.

Kullum kafin in fita aiki sai na saurari muryar Baffa. Ba don in haddace ba, kewa ce kawai. Akwai inda yake tsayawa ya yi tari, akwai inda ake jin saniyar nan tana kuka a bayansa, da muryar Inna mahaifiyarmu tana kiran wani jika. In na ji sai in ji ƙamshin hayaƙin tsakar gidanmu, in tashi in ɗauki kayan mutane in hau bene.

Da kwatance ya ƙi, sai na koma ga abin da na sani, wato cigiya. A Bauchi in akuya ta ɓace, ko yaro, ko tsoho mai ruɗewa, ana idar da salla wani zai miƙe ya faɗa, kafin magariba an samu. Sai na shiga bin masallatan yammacin kogi. Liman na sallamewa in miƙe in ce ina neman ɗan'uwana Salihu, dogo, siriri, mai tabo a goshi, yana aiki wurin Ramadan mai shanu. Wasu su yi mini addu'a, wasu su ɗauka bara nake su miƙo mini sulalla, yawanci dai takalmansu suke nema. Usman ya gargaɗe ni. Ya ce, "Umaru, nan ba gida ba ne. Wanda ya ji cigiyarka bai san ka ba, kai ma ba ka san shi ba." Na ce masa ai ɗakin Allah ne.

A masallaci na tara ko na goma wani mutum ya taso da saurinsa, mai farar jallabiya da tabon salla a goshi. Ya ce ya san Salihu, har ya nuna goshinsa daidai inda tabon yake, wanda ni da bakina na faɗa minti biyu da suka wuce. Ban lura da haka ba. A wurinmu wanda ya amsa cigiya ba a tuhumarsa, godiya ake yi masa. Muka hau keke mai ƙafa uku tare, muka shiga wata kasuwa, ya ce in ba shi wayata ya kira Salihu ya fito, tasa ba caji. Na miƙa masa da hannu biyu. Ya sauka yana "alo, alo," ya ratsa tsakanin wata mota da mai tallan burodi, shi ke nan.

Na bi shi da gudu ina ihun ɓarawo da Hausa, da Fulatanci, Larabcin ma ya gudu ya bar ni. Ba wanda ya ko juyo da kyau. Na tsaya a tsakiyar kasuwa na yi kuka da hawaye kamar yaro. Ba wayar nake yi wa ba. Muryar ubana ce a aljihun wani, zai goge ta kafin azahar ya sayar da ƙarfen. Kuma ni sakarai ban taɓa tura saƙon wa kowa ba, don Baffa ya ce sirri ne tsakaninsa da ɗansa.

Na kira gida da wayar Usman na ce a sake ɗaukar muryar Baffa. Inna ta ce, "Umaru, bakin ai ya riƙe tun satin jiya. Ido kawai yake bin mu da shi." Bayan kwana goma sha ɗaya, ina tsaka da ninke zanin gado da rana tsaka, Usman ya miƙo mini waya bai kalle ni ba. Baffa ya rasu, an riga an kai shi ma kafin su same ni.

Usman ya rufe shago, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, ya shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa ya ce a yi zaman makoki kamar yadda ake yi a gida. Mu huɗu muka zauna, da mai shayi da wani maigadi. Mutane dubu nawa suka wuce ta gabanmu a yinin nan, Allah kaɗai ya sani. Wasu har tsallake ƙafafunmu suke yi. Wata mata ta tsaya, na ɗauka gaisuwa za ta yi, ashe rigunan mijinta ta zo karɓa.

Inna ta ce in dawo. Na ce sai na isar da saƙo, ko da bakin nawa ne. Taurin kai dai ba Hamma kaɗai ya gada ba.

Usman ne ya fara gano kuskurena. Ya karɓi wasiƙar ya juya ta, ya tambaye ni shekararta, ya ce, "Kai kana ta gudu gaba. Inda gari ya ƙare a wancan lokaci, yanzu tsakiyar gari ne. Kullum ta kansa kake wucewa a mota." Ya ce magudanar ma kada in neme ta, rufe su ake yi a mai da su titi. In na ga titi mai faɗi da yake lanƙwasa ba dalili, ruwa ne a ƙarƙashinsa.

Sauran kuma ni na gano, kuma shi ne abu ɗaya da nake alfahari da shi a tafiyar nan. Da sassafe nakan ga amalanken jaki ɗauke da ɗanyar ciyawa kore shar yana kutsawa cikin lungunan benaye. Mutanen gari ba sa ko kallonsa. Ni kuwa ɗan makiyayi ne, na san ba mutum ke cin ta ba. Sai na daina hawa mota, na koma bin ciyawa da ƙafa. Inda duk aka sauke dami, in leƙa. A ƙasan benaye, cikin ɗakuna marasa taga, na dinga tarar da shanu, yawanci wata irin baƙa mai kama da ɓauna da suke kira jamusa. A ɗaure aka haife su, a ɗaure za su mutu, ƙafafunsu sun kumbura saboda tsayuwa a kan siminti. Na yi Juma'a bakwai ina wannan bin.

A ta bakwai ɗin, a wani titi mai lanƙwasa, na ga kututturen dabino guda ɗaya an jingina masa allon mai gyaran taya. A gefensa wani tsoho yana karɓar dami ɗaya. Na yi sallama na ce ko shi ne Ramadan. Ya dube ni tun daga sama har ƙasa ya ce, "Kai ƙanin Salihu ne. Tafiyarku ɗaya."

Ya zaunar da ni ya ba ni shayi. Benen da muke zaune a ƙarƙashinsa, hawa goma sha ɗaya, a kan gonarsa yake. 'Ya'yansa suka matsa aka sayar, yanzu shi ne maigadin ginin, yana wanke matakala yana kai wa matan sama cefane. Jamusa ɗaya ta rage masa a wani ɗaki kusa da injin ruwa. Ya ce Salihu bai yi wata uku a makaranta ba guzuri ya ƙare, ya zo wurinsa ya yi shekara shida, kuma bai taɓa ganin mai hannun tatsa irinsa ba. Da gonar ta tafi sai ya koma kudu, wurin da ake gasa jan bulo. Ya sa aka rubuta mini sunan wurin, da lambar mota, da sunan mai kula da ma'aikata. Ya ce, "Ka ga, haka ake kwatance yanzu."

Mota uku na hau. A can ne a karon farko na ga sararin Allah ba bene, sai dogayen bututu suna ta aman baƙin hayaƙi, da jan bulo jere har iyakar ganina. Duk benayen da suka hana ni numfashi wata shida, daga nan ake toya su. Na tarar da shi da azahar yana sauke bulo daga amalanke, ya naɗe kansa da tsumma. Da tabon na gane shi. Ya rame, haƙoransa na gaba biyu babu, yana tari irin wanda ke fitowa daga can ƙasan ƙirji. Shekararsa arba'in da biyar, amma in an ce maka ƙanin Baffa ne ba za ka yi musu ba.

Na ce, "Hamma."

Ya ajiye bulon a hankali, ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Umaru? Har ka yi gemu." Hausar tana fita da ƙyar. Bai rungume ni ba. Muka koma inuwar wata katanga muka tsuguna, ya tambayi Inna, ya tambayi ƙannenmu ɗaya bayan ɗaya. Baffa ne kaɗai bai tambaya ba. Ni na faɗa masa. Ya yi salati, ya sunkuyar da kai, ya ce, "To. Ya tafi da fushina ke nan."

Na ce bai tafi da shi ba, ya yafe masa, shi ya aiko ni, har muryarsa na ɗauko aka sace. Hamma ya yi wata dariya mara daɗi.

"An sace. To madalla. Umaru, na gode da ka taso. Amma ni na san Baffa, kai kana yaro. Inna ce ta haɗa maka wannan don hankalina ya kwanta. Ka koma ka ce mata na ji."

Ya yunƙura zai tashi. Raina ya ɓaci ƙwarai, na tuna wata shida na yawon nema da bin jakuna, na kama hannun rigarsa na ce wallahi sai ya zauna ya ji, in ya so ya ƙaryata. Na rufe ido na fara daga farko, yadda na saba ji kowace safiya, ban canza ko kalma ba.

"Sale, ɓingel am, ɗana. Ni ne. Abin da ka gani ni ban gani ba, gari ya ci filin duka, ni ma da hannuna na ba su. Maganar da na faɗa maka a bakin garke na janye ta, duniya da lahira. Na sayar da shanu amma ban taɓa taka ba. Wule da na ba ka ranar sunanka ta haifi Saye, Saye ta haifi Ɓale, Ɓale ta haifi wannan da kake ji tana kuka, ita ma farin goshi gare ta, Wule nake ce mata. Tana nan a ɗaure tana jiranka. Ka tuna ranar da Wule babba ta kafe a laka a rafi, ni da kai muka ciro ta, ka yi ta kuka ka ce kada in faɗa wa kowa ka yi kuka? Ban faɗa ba sai yau. Ka zo ka karɓi abinka."

Da na buɗe ido, Hamma ya dafe ƙasa da hannu biyu. A al'adarmu saniyar suna ta yaro ce, ita da duk abin da ta haifa, uba ma ba ya taɓa ta. Wannan kowa ya sani, Inna ma za ta iya faɗa. Maganar rafin ce ba wanda ya sani.

Ya ce, "Ba a haife ka ba lokacin."

Na ce, "Ba a haife ni ba."

Sai ya kifa goshinsa a kan gwiwata ya yi kukan da ban taɓa jin namiji ya yi ba, tari yana katse shi. Mai kula da su ya ƙwala masa kira sau biyu, da ya matso ya gan mu sai ya juya ya tafi.

Na kwana biyu a wurinsu. Na yi na yi mu taho tare, ya ce fasfonsa ya mutu tun tuni, kuma ba zai shiga gida a haka ba, in ba shi zuwa babbar salla ya ɗan murmure. Ya yi ta tambayata gida. Wai har yanzu in an wuce bariki akwai tsamiyar nan da muke hutawa? Na ce gidan mai ne a wurin. Rafin fa? Na ce an yi masa kwalbati, shaguna ne a kai. Ya ce, "To in na zo, ta yaya zan gane gidan?" Na rubuta masa sunan layi da lambar gida da lambar wayar Inna. Da zan hau mota ya riƙe ƙofar ya ce, "Kada ka bari a sayar da ita."

Babbar salla huɗu ke nan. Shekarar farko muna waya, yana cewa saura kaɗan. Daga baya lambar ta daina shiga. Na roƙi Usman ya je ya duba mini, ya yi tafiyar mota ukun nan saboda Allah, ya kira ni ya ce an rushe bututun, an kori masu bulon zuwa can cikin hamada, ana haƙa harsashin gidaje a wurin. Ba wanda ya san inda kowa ya nufa.

Wule tana nan a tsakar gidanmu, tsakanin tankin ruwa da katangar maƙwabci. Ta haifi maraƙa mace bara. Maƙwabcin nawa ma'aikaci ne, mutumin kirki, amma sau uku yana kai ƙarata wurin mai unguwa saboda wari da ƙuda, kuma ban ga laifinsa ba. Mahauta sun taya ta har sun gaji. Kowace safiya kafin in tafi makaranta nakan hau babur in je bakin hanyar Zungur in sayo ciyawa, kuma kowace shekara sai na ƙara nisa kafin in samu. Jiya mai unguwa ya sake kirana ya ce, "Malam Umaru, don Allah ka rabu da saniyar nan, nan fa cikin gari ne yanzu."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba tawa ba ce. Mai ita ya yi tafiya."